Kwafi Ashirin na Baba

Ranar da aka turo min kalmar sirrin shafin intanet na ƙungiyar manoman yankinmu, a cikin bas nake, tsakanin Kano da Tsanyawa. Murna ta hana ni zama daidai. In buɗe waya in kalla, in rufe, in sake buɗewa, ina ta murmushi ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta janye kwandon tattasanta daga jikin ƙafata. Ban ga laifinta ba. Ni ma da na ga mace tana yi wa waya fara'a haka, da na matsa.

Ni malamar kwamfuta ce a wata sakandare can wajen Rijiyar Zaki, amma duk ƙarshen mako gida nake yi. Shafin kuwa wani ne ya gina wa ƙungiyar, ya karɓi godiya ya yi gaba. Ya bar shi fayau, sai hoton shugabanni sun jeru a kan benci, da hoton wata tarakta da ba mu taɓa ganin irinta a ƙasarmu ba. Da aka rasa mai kula da shi, shugaban ƙungiya ya ce, "Ai ga 'yar Malam nan, ba aikinta ke nan ba?" Haka na zama mai shafi.

Abin ba wuya in an gane shi. Shafin kamar gida yake. Akwai zaure, wanda kowa ke gani in ya shigo da wayarsa, akwai kuma cikin gida, inda sai mai kalmar sirri. A cikin gidan ne ake rubuta kan magana, a zaɓo takarda daga kwamfuta a ɗora, a danna "wallafa", sai ga ta a zaure, duk mai so ya sauke ta a wayarsa. A gefen kowace takarda kuma akwai wani ɗan mitsitsin rubutu da ke nuna sau nawa aka sauke ta. Ku riƙe min wannan ɗan rubutun, don shi ne ya kusa sa min hawan jini.

Amma gaskiya murnata ba don ƙungiya ba ce. Don Baba ce.

Babanmu malamin gona ne har ya yi ritaya. Muna yara, da ƙarar babur ɗinsa muke sanin gari ya waye. Yana da wata jaka ta fata da yake cikawa da ƙananan takardun koyar da noma, ranar kasuwa ya tsaya a inuwa yana rabawa yana bayani, murya har layin 'yan tumaki. Kafin azahar jaka ta zama wayam. Ya dawo gida yana kaɗa ta a gaban Inna, "Kin gani? Ko ɗaya bai saura ba!" Mutum ne mai surutu, mai son a tambaye shi. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ka tafi da shawarar taki.

To wannan mutumin ne ya yi shiru. Gwiwa ta fara kama shi, abokan hirarsa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, matasa kuma in suna da tambaya sai su tambayi waya. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina zaman ƙofar gida, har coci sai an yi da gaske. Takalmansa na fita suna ajiye a bayan ƙyaure har zanzaro ya gina gida a cikin na hagu. Inna ta ja ni madafa ta ce, "Tuwon ma sai na tsaya a kansa. Ba ciwo ne ke cinsa ba, gani yake an gama da shi." Na ji tsoro sosai. Na san irin wannan zaman, na ga inda ya kai wasu dattawan garinmu.

Saboda haka ina sauka daga bas na wuce ɗakinsa. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa Uwata yake ce min. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na samu inda za mu sa bayaninka na ajiyar wake, kowa ya ɗauka a waya."

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Wa zai karanta, Uwata? Ku bar ni in huta."

Ni kuwa na san inda ake taɓa shi. Na miƙe ina kakkaɓe zani, na ce, "Shi ke nan. Dama na ji wasu na cewa hanyar taku ta tsufa, yanzu sai a jefa ƙwayar bom a buhu a huta."

Kai! Sai ga Baba zaune. "Wa ya faɗa? Wane marar hankalin ne ya faɗa?" Ba wanda ya faɗa, ni na ƙirƙira, kuma ko yau aka sake ba ni dama sai na ƙara. Bom ita ce ƙwayar maganin ƙwari da mutane ke cusawa a buhun wake, wasu kuma su yayyafa fiya-fiya. Baba ya tsani abin nan tun farkon aikinsa, lokacin da aka kira shi wani gida da suka ci waken da aka ajiye da magani. Bai taɓa ba mu labarin har ƙarshe ba. Abin da muka sani, tun daga ranar ba ya cin wake a gidan kowa sai ya shinshina.

Washegari muka fara, a gindin darbejiyar tsakar gida. Shi yana faɗa, ni ina bugawa a laftof. A shanya wake har sai ya yi ƙas a haƙori. A sheƙe, a tsince. A samu jarka busasshiya ko duro mai marfi, a cika har wuya, a girgiza a sake cikawa, a sa leda a baki a murɗe marfi tam. Ƙwaro ma numfashi yake yi, in ba iska ya mutu da shi da ƙwansa. Kar a riƙa buɗewa ana leƙe. Abu ne da za a faɗa a shafi biyu, amma Baba ya kai shi goma sha wani abu, don kowace magana sai ta ja labari. Mun yi faɗa ba adadi. In ce wannan ya yi tsawo, ya ce, "Ke kika yi aikin ko ni?" Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗa tana dariya ƙasa-ƙasa, don ranar malmala biyu ya tashi da ita ba tare da an roƙe shi ba.

Mun yi makonni a haka. Na ɗauki hotuna da waya: hannun Inna a kan marfin jarka, wake a kan tabarma, wake mai huji kusa da lafiyayye. A shafin farko Baba ya dage sai an sa tsohon hotonsa a kan babur, yana saurayi, hula a karkace, wushirya a waje. Na haɗa komai na mayar da shi PDF, irin takardar da kowace waya ke buɗewa ba ta hargitse ba. Da na gwada ɗorawa, shafi ya ƙi karɓa, wai ta yi nauyi. Na ce wa Baba dole in rage girman hotuna, in ba haka ba ma datar mutane za ta ƙare kafin su sauke. Sai ya ce, "To ki rage jarkar. Ni kar ki rage ni." Na rage su duka, ban gaya masa ba.

A garinmu sabis ɗin intanet ba ya shiga ɗaki. Sai an hau ɗan tudun da ke bayan coci, wajen tsohuwar kuka, nan ne waya ke kamawa sosai. Ranar ɗorawa na ɗauki laftof zan tafi, sai na ji ƙarar sanda a bayana. Baba ne, da silifas, Inna na biye da kujerarsa a ka. Zuciyata ta yi fari tas. Muka ratsa ta tsakanin gonaki, gero an yanke an jingine, wake ya fara bushewa a ƙasa, masu aiki suna ɗagowa suna, "A'a, Malam! Yau kai ne a waje?" Shi kuma yana amsawa da ƙyar, kamar ba daɗi yake ji ba.

Na shiga cikin gidan shafin, na rubuta kan magana, na zaɓo takarda. Wani ɗan layi ya fara tafiya a hankali. Ya tsaya, muka riƙe numfashi. Ya motsa, Inna ta ce, "Yauwa, ɗan albarka." Da ya kai ƙarshe na ɗora yatsan Baba a kan maɓalli, shi ya danna "wallafa" da kansa. Na buɗe zauren shafin a wayata, ga ta nan, Ajiyar Wake Ba Magani. Na yi tsalle na buga guɗa, ni da digirina, har awakin mutane suka watse.

Baba ya kalli wayar ya daɗe. Ya ce, "Guda nawa kika ɗora?"

"Ɗaya mana, Baba."

"Ɗaya? Uwata, ɗaya? Duk faɗin ƙasar nan? In mutum ɗaya ya ɗauke fa?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ba ya ƙarewa, ko mutum dubu suka sauke yana nan. Ya ce bai taɓa ganin abin da ake ɗiba ba ya raguwa ba, ko rijiya tana ja baya da bazara. Na ce kamar rediyo ne, kowa na ji kuma ba ta ƙarewa. Ya ce rediyo ji ake yi, ba ɗauka ake a sa a aljihu ba. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, na zana a ƙasa da tsinke. Raina ya fara ɓaci, don ni ba ni da dogon haƙuri, ɗalibaina ma sun sani. Sai Inna ta sa baki, "Ke dai ki ƙara masa mana. Wani abu zai rage ki?"

Haba! Biyu a kan ɗaya. Na zauna a kan saiwar kuka ina huci, na yi ta ɗora takarda ɗaya tak, ina canza mata suna: kwafi na ɗaya, kwafi na biyu, kwafi na uku. Duk wanda ya hau, Baba ya ce, "Ƙara." Sai da muka kai ashirin batir ya fara kuka, sannan ya haƙura. Shafin ya yi muni ƙwarai, layi ashirin abu ɗaya, na yi ta addu'a kar abokan aikina su gani. Don in nuna masa yadda ake yi, na sauke na ɗaya a wayata. Ɗan rubutun gefensa ya nuna an sauke sau ɗaya. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla. Saura goma sha tara."

Aka yi sanarwa a coci ranar Lahadi. Shugaban ƙungiya ya faɗa wa mutane bayan sallar Juma'a, aka kuma tura adireshin shafin a wayoyin 'yan ƙungiya. Na koma Kano ina jin kaina a sama. Tsakanin darasi da darasi sai in leƙa. Ga na biyu an sauke! Na kira Inna ta kai wa Baba waya, na ji yana cewa a dafa masa shayi. Bayan kwana kaɗan na uku ya tafi, sai na huɗu. Duk ranar da na dawo gida, kafin in ajiye jaka zai ce, "Saura nawa?"

Wani abu dai ya ɗan ɗaure min kai. A jere ake saukewa, kuma kowanne sau ɗaya tak. Ba wanda ya taɓa na goma sha biyu, ba wanda ya maimaita na biyu. Na ɗauka haka kawai ya faɗo, ban tsaya tunani ba.

A na bakwai abin ya tsaya cak. Aka gama girbin wake, aka kai gida, sanyi ya shigo ya fita, bakwai dai. In leƙa da safe bakwai, in leƙa da yamma bakwai, har na tsani lambar. Kuma a cikin bakwai ɗin ɗaya nawa ne. Baba ya daina tambaya. Wata Asabar na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya, ya ce, "A da ɗari biyu nake rabarwa kafin azahar. Yanzu ashirin sun gagara, kyauta. Na gaya miki, Uwata, an wuce wurin." Ya ce in ba Inna takardun da ya fara rubutawa a kan gyaɗa ta kunna wuta da su. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, kukan haushi. Ni na taso shi, ni na sa masa rai, ga shi ya koma inda ya fi na da.

Ranar na yanke shawarar yin maguɗi. Na hau tudu da wayata, niyyata in sauke sauran goma sha ukun da kaina, in dawo in ce masa sun ƙare ƙaf. Inna ta biyo ni da ƙullin ganyen kuka a hannu, ta tambayi abin da nake yi. Na gaya mata, a zatona za ta yaba. Sai ta riƙe min hannu.

"In kika kwashe, rabon wa kika ci? Wani yana can bai samu ba."

"Inna, ba ya ƙarewa! Sau nawa zan faɗa?"

"Ni dai ban haifi mai cin rabon mutane ba. Mayar da wayar nan."

Na mayar, ina ƙunƙuni har gida. A raina na ce wannan gida namu sai addu'a.

Inna ce ta fitar da shi, ba ni ba. Ista ta matso, ana sa ran baƙi, waken gidanmu kuma duk ta rabar wa dangi. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa tana magana da ni, amma da ƙarfi yadda zai ji. Wai gobe za ta Tsanyawa sayen wake, ita kuwa ba ta iya bambance mai magani da marar magani ba, duk wanda aka auna mata shi za ta dafa wa jikoki. Matar da ta shekara arba'in tana auren malamin gona! Can sai muka ji, "Uwata, miƙo min takalmana." Na ɗauko, na fasa gidan zanzaron da tsinke, na kakkaɓe. Da gari ya waye Inna ta ce ƙafarta na ciwo, mu je mu biyu.

Bazara ce sosai, lokacin da waken bara ya saba zama rabi huji rabi gari. Muka shiga layin 'yan hatsi, Baba na dogara sanda, fuska a murtuke. Ya tsaya gaban wani magidanci mai ɗan gemu, ya ɗebi wake ya kai hanci. Ya sake ɗiba daga ƙasan kwano ya shinshina. Ya watsa a tafin hannu yana juyawa da yatsa, ya jefa ɗaya a baki, ƙas. Ba huji, ba wari.

"Me ka sa masa?" in ji Baba, kamar mai tuhuma.

"Wallahi ba komai, Baba. A jarka ya kwana tun kaka, jiya na fasa."

"Wa ya ce maka ka sa a jarka?"

Mutumin ya laluba aljihu ya zaro wata waya mai fasasshen gilashi, ya shafa ya shafa, ya miƙo. Ga hannun Inna a kan marfin jarka. Ya ja sama, ga saurayi a kan babur, hula a karkace. Ya ce, "Wani tsohon malamin gona ne ya rubuta, Allah ya saka masa." Baba ya buɗe baki zai yi magana, wushirya ta bayyana. Mutumin ya kalli waya, ya kalli Baba, ya sake kallon waya. Sai ya zabura ya miƙe har kwano ya kife. "La ilaha illallahu! Malam, kai ne? Jama'a, ga mai takardar jarka!"

Ni kuwa lambar nan bakwai ce ke cina. Na ce, "Malam, a shafin ka sauke da kanka?"

"Ni? A'a, haba Hajiya. Na huɗu ne namu."

"Na huɗu ne naku kamar yaya?"

Ya nuna min saman wayar, ga shi a rubuce da bugun hannuna: kwafi na huɗu. Ya ce ai da labari ya iso garinsu, suka taru wajen mai cajin waya aka buɗe shafin. Suka ga guda ashirin kacal dattijo ya samu ya sa, kuma an riga an ɗauki uku. "To mu kwashi fiye da ɗaya? Ina kunyarmu? Ga mutanen gabas, ga na tsallaken kwalta, har can ƙauyukan ciki akwai 'yan ƙungiya. Mai unguwa ya ce a ɗauki ɗaya a bar wa na nesa." Wannan ɗayan ne aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, waɗanda ba su iya karatu ba a karanta musu a dandali bayan la'asar. Ya ce a garinsu yanzu jarkar mai ta fi akuya wuyar samu.

Wata mata mai sayar da wake a gefensa ta ɗago kai ta ce, "Mu na shida ne." Wani daga can ƙarshen layi ya ɗaga hannu, "Na biyu, Malam! Mu muka riga kowa, ban da wanda ya ɗauki na ɗaya." Wadda ta ɗauki na ɗayan kuwa tana tsaye a gabansu, baki buɗe.

Sai a lokacin komai ya faɗo min. Ba mutum bakwai ba ne. Gari shida ne, da ni. Kowane gari ya zo ya ga wanda aka ɗauka, ya tsallake shi ya ɗauki na gaba, guda ɗaya, ya rufe. Na tuna ranar da na hau tudu zan kwashe sauran. Da Inna ba ta riƙe min hannu ba, da duk wanda ya zo daga baya zai ga an ɗebe tas ya juya.

Baba fa? Baba ya manta da gwiwa. Ya bi layin nan kwano-kwano yana ɗiba yana shinshinawa yana tambaya, "Ku na nawa ne? Ku fa?" Ya tarar da wani da wakensa ya yi huji, ya ce shi ma jarka ya sa. Baba ya tsare shi, "Ka cika ta har wuya? Ka riƙa buɗewa ko?" Mutumin ya sosa ƙeya ya ce uwargida ce ke ɗiba ranar Juma'a. Aka kwashe da dariya. Kafin ka ce me, an kewaye shi, an kawo masa benci ya ƙi zama, murya ta dawo har layin 'yan tumaki. Na tsaya a gefe riƙe da sandarsa, ina dariya hawaye na zuba, ban damu da wanda ya gani ba.

Halin malanta dai bai bar ni na haƙura ba. Na matsa na ɗaga murya, "Jama'a, ku saurara, abin nan fa ba ya ƙarewa, kowa zai iya…" Sai na ji an take min ƙafa. Da takalmin zanzaron nan, kuma da ƙarfi. Baba bai ko kalle ni ba, ya ci gaba da cewa, "Saura goma sha uku. Duk wanda ya san garin da bai samu ba, ya gaya musu su je su ɗauki nasu."

Mai gemun ya auna mana wake ya ƙi karɓar komai, aka yi ta ja har Baba ya haƙura. A bas ɗin komawa ya rungume ƙullin a cinya kamar za a ƙwace. Na ce, "Baba, ka ji min ciwo fa. Kuma gaskiya na faɗa, ba ya ƙarewa."

"Ke kika sani, ke da na'urarki," in ji shi. "Ni abin da na sani, da guda ɗayan nan kika bari, ba mai taɓa shi. Kin taɓa ganin an sa hannu a lomar ƙarshe a gaban mutane? Kowa zai ce a bar wa wani."

Har yau ina nan a kan bakana, takarda a shafi ba ta ƙarewa, haka nake koya wa ɗalibaina kuma haka yake. Amma ban goge ko ɗaya daga cikin ashirin ɗin ba, kuma duk abokin aikin da ya yi min dariya a kai, ina da labarin da zan ba shi.

Da muka isa gida Inna na tsaye a ƙofa, ƙafar da ke ciwo ta warke sarai. Baba bai wuce ɗaki ba. Ya zauna a dakalin ƙofar gida, inda ya yi shekaru bai zauna ba, ya ce, "Takardun gyaɗar nan, kin ƙona?" Inna ta ce ita ba ta da lokacin ƙona shirgi, suna nan ƙarƙashin katifa. Ya ce a ɗauko. Ya cire takalmansa ya goge su da kansa, ya ajiye a gefe, ya tambayi ranar da kasuwar gaba take ci.

Sannan ya juyo gare ni. "Uwata, ki yi cajin na'urar nan da kyau. Na gyaɗa hamsin za ki ɗora."

Na buɗe baki zan yi musu. Na kalli takalman, an jera su a bakin ƙofa suna fuskantar hanya. Na ce, "To, Baba. Hamsin."